Inda ji ya kori gani: darasi daga faifan tsoro na Ohayo

Duk ƙarshen watan Oktoba sai jayayya iri ɗaya ta tashi a zaurukan WhatsApp da Facebook na iyaye da malamai, daga Yamai har Damagaram. Wani ya turo hoton yara sun shafe fuska da farin alli, wani ya turo bidiyo mai kiɗan da ke tayar da tsikar jiki, sai gari ya rabu biyu. Wasu su ce Halowin bikin shaiɗanu ne, a toshe kunnen yara. Wasu su ce ai wasa ne kawai, a bar matasa su sha iska. Kwana uku ana yi, Nuwamba ta kama, kowa ya manta sai baɗi. A duk tsawon musun nan da wuya ka ji wanda ya tsaya ya tambayi yadda ake yin wannan kiɗa, su wa ke yin shi, kuma me ya sa yake kama zuciyar ɗan kolej da bai taɓa taka ƙasar Turawa ba. Ni malamin makaranta ne, hukuncin addini na bar wa masu shi. Sana'ar nake son mu duba, domin a ganina akwai darasi a cikinta da ya fi musunmu amfani.

Halowin dai daren 31 ga Oktoba ne, jajiberin ranar da Kiristocin Turai ke tunawa da waliyyansu, wadda waɗanda suka yi lakwal suka sani da sunan Toussaint. Ya cakuɗu da wani tsohon bikin ƙarshen kaka na mutanen Ailan, kuma baƙin da yunwa ta koro daga can zuwa Amurka a shekarun 1840 suna cikin waɗanda suka yaɗa shi a sabuwar ƙasarsu. A yau ya zama kasuwa. A shekarar 2023 ƙungiyar ƴan kasuwar Amurka ta ƙiyasta cewa abin da za a kashe a bikin ya haura dala biliyan 12, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Alawa, kayan shigar dodanni, kabewa da ake sassaƙa mata fuska, duk kuɗi ne.

Cikin wannan kasuwa akwai wata sana'a da babu irinta a wajenmu: gidajen tsoro. A watan Oktoba ana gyara wani tsohon gini ko rumbun ajiya, a yi mishi lunguna masu duhu, a ɓoye ƴan wasa sanye da fuskokin roba. Mutum ya biya kuɗin shiga, ya bi lungu-lungu ana firgita shi, ya fito ta ɗaya ƙofar yana dariya. Irin wannan gida ba ya yiwuwa sai da sauti. Shekara da shekaru abin da masu shi suka fi samu shi ne faifan ƙara zalla: ƙofa na kuka, sarƙa na jan ƙasa, mace na ihu, iska na busawa, irin wanda kamfanin Disney ya fitar tun 1964. In kuwa suna son kiɗa na gaske, sai su ɗauko na finafinai, wanda ke da masu shi, kuma kowa ya riga ya san shi.

Wannan giɓi ne wasu samari na yankin Cleveland a jihar Ohayo suka hango. Edward Douglas ya kafa ƙungiya mai suna Midnight Syndicate, ya fitar da faifan farko a 1997, wanda ya tara salo iri-iri bai tsaya a kan guda ba. A 1998 ya haɗu da makaɗi Gavin Goszka da mai zane Joseph Vargo, wanda ya riga ya yi suna wajen zana hotunan kufai da jemagu da masu shan jini. Suka fitar da Born of the Night, wato abin da dare ya haifa. Douglas da Goszka suka tsara kiɗan, Vargo ya zana bangon faifan, ya kuma sa muryarsa a ƴan wurare. Kusan duk faifan kiɗa ne zalla. Babu baitin da za ka haddace, babu amshin da za ka rera a hanya. Su da kansu suna bayyana aikinsu a matsayin kiɗan fim ɗin da ba a taɓa ɗauka ba, wanda mai sauraro ne zai haska wa kansa.

Salon da suka bi ana kiran shi gotik, kuma daga littafi ya fito kafin ya shiga kiɗa. Wani Bature ɗan Ingila, Horace Walpole, ya rubuta labarin wani tsohon gidan sarauta mai fatalwa a 1764, daga nan aka samu Frankenstein na Mary Shelley a 1818 da Dracula na Bram Stoker a 1897. Kayan aikin wannan salo sanannu ne: kangon gidan masu mulki, maƙabarta cikin hazo, wani tsohon laifi da dangi suka binne amma ya ƙi kwanciya. Tsoron gotik a hankali yake zuwa. Yana sa ka ji cewa akwai wani abu a bayan ƙofa, sa'an nan ya ƙi buɗe maka ƙofar.

To yaya ake mayar da wannan ya zama kiɗa? Nan ne ya kamata iyaye su kasa kunne, domin babu wani asiri a ciki. Ana ajiye amo guda mai kauri a ƙasa, yana ta gurnani ba ya motsi, har ƙirjin mutum ya fara nauyi. Ana ɗora ƙararrawa a kai, ana buga ta jefi-jefi. Ana kawo amon ogan, wato babban abin kiɗan coci mai bututu, wanda kunnen Bature ya saba ji wurin jana'iza. Ana ƙara muryoyin ƴan amshi da ba sa furta kalma. Ana haɗa amo biyu da ba sa jituwa, a bar su haka ba a sasanta su ba, kunne yana jiran sulhu bai samu ba. Sai kuma shiru, wanda shi ne babban makami: a yanke kiɗa daidai inda zuciya ke sa ran ci gaba. Mafi yawan wannan da allon kiɗa na lantarki ake yin shi, ɗan uwan fiyanon da ake kaɗa waƙoƙin finafinan Hausa da shi a situdiyo.

Dabarun nan ma ba su suka ƙirƙiro su ba, gado suka tarar. Akwai wani karin waƙar jana'iza na cocin Roma da ya haura shekara 700, wanda makaɗin Faransa Berlioz ya sa a kiɗansa a 1830, kuma masu finafinan tsoro suna ta aron shi har gobe. A fim ɗin Psycho na 1960, Bernard Herrmann bai yi amfani da komai ba sai gogen Turawa manya da ƙanana, ya sa su suna ƙara kamar ana wasa wuƙa. A 1978 John Carpenter ya tsara wa fim ɗinsa mai suna Halloween kiɗa da hannunsa, ya gina shi a kan bugu biyar-biyar maimakon huɗu-huɗu da kunne ya saba da shi, sai mai sauraro ya ji kamar ana bin shi da gudu ana ɗingishi. Mahaifinsa, malamin kiɗa a jami'a, shi ya koya mishi wannan lissafi a kan ƴan ƙananan ganguna tun yana yaro. Lissafi ne da sanin halin kunne. Wanda ya san haka, rabin tsoron ya fita daga ransa, domin rashin sani ya fi dare duhu.

Yadda aka karɓi faifan na 1998 shi ma abin lura ne. Irin wannan kiɗa ba na gidan rediyo ba ne, ba kuma na filin rawa ba. Samarin ba su tsaya jiran manyan kamfanonin waƙa ba, suka kai hajarsu inda masu bukata suke: shagunan da ke sayar da kayan Halowin da kuma gidajen tsoro. Suka bar masu waɗannan gidaje su sa kiɗan ba tare da biyan kuɗi ba, sharaɗin shi ne a yi rajista, a kuma liƙa takardar da ke nuna sunan makaɗan. Mutum ya shiga gidan tsoro ya ji kiɗa ya ratsa shi, ya fito ya ga suna a bango, gobe ya nemi faifan. Kyautar ita ce tallarsu.

Daga nan suka ci gaba, kowane faifai da wurin da yake kai mai sauraro. Na 2001 gidan mahaukata ne na zamanin da, na 2005 wani gidan gado ne da aka ƙaurace wa, na 2011 ayarin masu wasan nishaɗi ne da ke yawo gari-gari. A 2003 masu wasan Dungeons & Dragons, wani wasa da ake zama a kewaye tebur ana ƙirƙirar labari da baki, suka ba su aikin kiɗan wasan. A 2014 suka fara wasa a gaban jama'a a filin nishaɗi na Cedar Point, can a jiharsu ta Ohayo. Tafiyar ba ta rasa tsami ba. Vargo ya rabu da su bayan faifan 2000, ya kafa tasa ƙungiya mai suna Nox Arcana a 2003, kuma an daɗe ana musu tsakanin ɓangarorin biyu a kan wanda ya fi cancantar yabon dabarar farko. Matasanmu masu haɗa gwiwa a situdiyo su ɗauki wannan: a rubuta rabon kowa tun kafin a san ko abin zai karɓu.

Ba ina cewa kiɗan nan ya kai na manyan makaɗa ba. In ka sa shi da rana tsaka kana shan shayi a bakin titi, zai iya gundurar ka kafin a sauke na biyu, domin yana maimaita kansa, kuma kunnen da ya saba zai gane cewa na'ura ce ke kwaikwayon goge. Ƙarfinsa yana wurin abin da ya bari bai faɗa ba. Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma a shari'a da ciniki haka ne. A fagen tsoro kuwa ji ne ke korar gani. Dodon da aka nuna maka a allo girmansa ya tsaya iya allon, in ka kalle shi sau uku za ka fara ganin inda aka ɗinke rigarsa. Dodon da ka ji motsinsa kawai kai ne za ka gina shi, kuma za ka gina shi daidai da abin da ranka ya fi tsoro.

Wannan ne ya sa batun ya shafe ni a matsayina na mai riƙe da alli. Duk malamin da ke gyaran rubutun ƙirƙira a aji ya san abin da nake nufi. Ka ce yara su rubuta labari, sai mafi yawansu su kawo maka fim ɗin da suka kalla a waya, har da kalar motar jarumi. Ba rashin basira ke damun su ba. An saba ba su hoto a shirye, an dafa an tauna, ba a bar musu gurbin da za su cika da kansu ba. Tsokar da ba a motsa ta kuwa sai ta shanye. Yaron da bai saba gina hoto a kansa ba zai sha wuya a karatun littafi, zai sha wuya a tarihi, har a lissafin siffofi ma, domin duka suna bukatar mutum ya ga abin da ba ya gabansa.

Mu kuwa mun taɓa mallakar makarantar wannan fanni, ba mu biya ko dala ba. Tatsuniya kenan. Da dare ake yin ta, har ana tsorata yara cewa wanda ya yi ta da rana zai ɓata. Tsohuwa ba ta da allo ba ta da fitila, muryarta ce kawai: ta kaurara ta in Dodo zai yi magana, ta karya harshe in Gizo ne, ta yi shiru daidai lokacin da yarinya ta kai bakin kogi. Tambayi mutum goma ƴan sama da shekara arba'in yadda Dodo yake, za ka samu Dodo goma, domin babu wanda ya taɓa ganin hotonsa. Abin da samarin Ohayo suka gano da na'ura a 1998, kakanninmu sun daɗe suna yin shi a tsakar gida.

Na san akwai masu ja da ni, kuma maganarsu tana da nauyi. Na farko zai ce duk wannan ado ne, asalin bikin ba namu ba ne, kuma ya ci karo da aƙidarmu. Ban kira kowa ya yi Halowin ba, ba na kuma son in ga ɗalibina ya shafa jan fenti a baki yana yawo a Maraɗi da sunan wayewa. Kayan aro ba ya rufe katara. Damuwar ma ba a kanmu aka fara ta ba: a can Amurka akwai Kiristoci da yawa da ba sa yin bikin. Maikal Jakson kansa, lokacin da ya fitar da bidiyon Thriller a 1983, sai da ya sa sanarwa a farkonsa cewa abin da za a gani ba ya nufin ya yi imani da tsafi, domin a lokacin yana bin ɗariƙar Shaidun Jehobah. Amma ƙin biki daban, ƙin fahimtar sana'a daban. Hani kaɗai kuma ba ya cika aiki. A 1962 gidan rediyon BBC ya ƙi sa waƙar dodanni ta Monster Mash don yana ganin ta cika maganar mutuwa. A 1973 waƙar ta dawo ta kai ta uku a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Ingila. A lokacin ma babu waya a aljihun kowane yaro.

Na biyu zai faɗi abin da ya fi wannan ciwo. Zai ce mutumin Ohayo yana sayen tsoro ne domin ya san gidan yana da ƙofar fita, kuma in ya koma gida zai yi barci har safe. A ƙauyukanmu na bakin iyaka, inda ƙarar babur da dare ke sa uwa ta rungume ƴaƴanta, wa ke bukatar ƙarin tsoro? Wannan gaskiya ce, kuma duk wanda zai kunna irin wannan kiɗa ga yaron da ya ga tashin hankali da idonsa ya yi zalunci. Haka ma ƙananan yara da ba su kai rarrabe wasa da gaske ba. Sai dai mu tuna cewa tatsuniyoyin Dodo ba a zamanin kwanciyar hankali aka ƙirƙire su ba. An yi su a zamanin hari da yunwa da kura a bayan gari. Tsofaffi sun san cewa tsoron da ke da farko da ƙarshe, wanda ake jin shi a jikin kaka, a rufe shi da ƙurunƙus, yana koya wa yaro cewa ana shiga firgici a fito. Ƙaramar yarinya mai wayo takan kuɓuta daga Dodo, kuma yaron da ya ji haka sau ɗari ya ajiye wani abu a ransa da zai yi mishi rana.

Saboda haka shawarata ita ce mu bar musu bikinsu, mu ɗauki dabarar mu dawo da ita gida. Kayan aikin duk muna da su. A Yamai akwai cibiyar CELHTO da aka kafa tun 1968 don adana adabin baka, akwai cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya mai ajiye kayan kiɗan gargajiya, ga kuma tatsuniyoyin da irin su Bubu Hama suka tattara a littattafai. A Maraɗi da Damagaram da Tawa akwai samarin da suka iya fiyano da kwamfuta, akwai gidajen rediyon karkara da ke neman abin da za su cika dare da shi. Sautin tsoronmu ma daban yake da na Bature, ba ma bukatar ogan ko ƙararrawar coci. Muna da iskar hunturu tana ratsa zana, kukan mujiya a kan tsamiya, guga yana bugun bangon rijiya mai zurfi, taɓarya ɗaya tana daka a gidan da aka san ba kowa, sarewa daga nesa wadda ta yanke ba ta ƙarasa ba. Wanda ya haɗa waɗannan da muryar tsohuwar da ta iya labari, ya yi faifan da yaron Tasawa zai ji a ƙashinsa fiye da duk wani kangon Ingila. Lokacinsa ma ga shi nan a kalandarmu: bayan an kai hatsi rumbu, dare ya yi tsawo, farin wata ya fito.

Kafin a kai ga faifai, akwai abin da kowane malami zai iya yi a wannan mako ba tare da ya nemi ko jika ɗaya daga hukuma ba. Ya sa ƴan ajinsa su rufe ido na minti uku, ya kunna musu sauti marar magana, ko ya ƙwanƙwasa tebur da kansa a hankali, sa'an nan ya ce kowa ya rubuta inda yake da abin da ke tahowa. Daga baya ya bayyana musu yadda aka yi sautin, ya nuna musu cewa hannun mutum ne da lissafi. Ya kuma ba su aikin gida: kowa ya je wurin tsohuwar gidansu ya roƙi tatsuniya guda, ya ɗauke ta a waya in akwai, ya kawo aji. Tsofaffin nan ba za su jira mu gama musu a WhatsApp ba, kuma kowace ta tafi, da nata Dodon take tafiya.